Wasannin Gargajiya da Noman Rani: Tarihin Dandali a Ƙasar Madobi, Kura da Bunkure

Gabatarwa



Galibin abin da aka rubuta game da wasannin Hausawa ya tsaya ne a kan bayanin yadda ake yin su, watau yadda ɗan dambe yake ɗaure hannu, da yadda ɗan kokawa yake kama abokin karawarsa, da irin kiɗan da ake yi wa kowannensu. Wannan aiki ne mai amfani, kuma ba mu raina shi ba. Sai dai akwai wata tambaya da ba a cika yi ba, ita ce: a wane lokaci na shekara ake yin wasan, kuma mene ne ya bai wa masu yinsa sukunin yinsa? A cikin wannan takarda za mu yi ƙoƙari mu nuna cewa wasannin gargajiya na karkara sun ginu ne a kan shekarar manomi, kuma duk abin da ya taɓa wannan shekara to ya taɓa su. Mun zaɓi ƙasar Madobi da maƙwabtanta, Kura da Bunkure, domin a nan ne aikin noman rani na Kogin Kano ya sauya shekarar manomi a cikin ɗan ƙanƙanen lokaci, har mai nazari zai iya ganin sauyin da idonsa. Abin da ya dame mu a nan ya wuce nishaɗi, domin kuwa dandalin wasa wuri ne na tarbiyyar samari, kuma in ya mutu dole a tambayi wanda ya gaji aikinsa.

Ƙasar da Muke Magana a Kanta

Madobi da Kura da Bunkure suna kudu da birnin Kano, a ƙasar da Kogin Kano da Kogin Calawa suka ratsa. Ƙasa ce mai yawan jama'a da yawan ƙauyuka kusa da juna, wadda tun da daɗewa take ciyar da birni da hatsi. Bayan noma, an san wannan yanki da sana'o'in hannu. Kura musamman ta yi suna a ƙarni na 19 wajen rini da bugu, har rawanin nan mai sheƙi da Buzaye suke so ya ɗauki sunanta, ana ce masa ɗan Kura. Marigayi Philip Shea ya yi bincike mai zurfi a kan wannan sana'a ta rini a ƙasar Kano. Har ila yau akwai Fulani makiyaya da suke zaune a gefen garuruwa, da mahauta masu bin kasuwannin ƙauye, da 'yan lambu masu ban ruwa da jigo a bakin kogi. Mun kawo waɗannan rukunoni ne domin, kamar yadda za mu gani, kusan kowane rukuni yana da wasan da aka san shi da shi.

Shekarar Manomi da Lokacin Wasa

Kafin zuwan madatsun ruwa, shekarar manomi a wannan yanki kashi biyu ce bayyanannu. Daga faɗuwar ruwan shuka, wajen watan Mayu ko Yuni, har zuwa ɗaukewar ruwa a watan Satumba ko Oktoba, ba wanda yake da lokacin kansa. Ana shuka, a yi firi, a yi maimai, a yi huɗa, kuma ƙarfin kowane saurayi mallakar gandun mahaifinsa ne. A wannan lokaci abinci yakan yi ƙaranci a rumbu, jiki kuma a gajiye yake, saboda haka ba a shirya manyan wasanni. Abin da ya yi kama da wasa a damina shi ne gayya, inda samari sukan jeru a kunya, makaɗi yana binsu da gangar noma, kowa yana neman ya riga ɗan'uwansa kai ƙarshen gona. A nan ake fara gane ƙarfin saurayi, kuma sau da yawa wanda ya yi fice a gayya shi ne zai yi fice a filin kokawa.

Da kaka ta yi, aka yanke gero da dawa aka kai rumbu, sai al'amari ya juya. Ga abinci, ga ɗan kuɗi a hannu, ga fili ya buɗe saboda an kawar da amfanin gona, ga kuma farin wata. Daga nan har zuwa sharar gona a bazara, watau kimanin wata shida ko bakwai, shi ne lokacin bukukuwan aure, da kalankuwa, da kokawa, da dambe, da farauta, da su a tafkunan da suka janye.

Ya kamata mu yi hattara a nan, kada a ɗauka cewa rani lokacin zaman banza ne. Da rani ake saƙa, ake rini, ake gini da gyaran danga, ake kai taki gona, ake fatauci, wasu kuma su tafi ci-rani. Amma duk waɗannan ayyuka suna da hali guda, watau ana iya ajiye su kwana ɗaya ko biyu ba tare da an yi hasara ba. Masaƙi yana iya naɗe zarensa ya tafi kallon kokawa a ƙauyen da ke gaba, ya dawo ya tarar da shi yadda ya bar shi. Wannan sassauci shi ne jarin da wasannin gargajiya suka rayu a kansa.

Wasanni da Aikin da Suke Yi wa Al'umma

Dambe tun asali wasan mahauta ne, shi ya sa kalangu, wanda yake kiɗan mahauta, ya zama kiɗansa. Muna da shaidar wannan tun daga shekarar 1824, lokacin da Bature matafiyi Hugh Clapperton ya sauka a Kano. Ya ba da labarin cewa ya sa ladan wuri 2,000 domin a yi dambe a gabansa, sai 'yan dambe suka zo da makaɗa, mahautan gari suna biye da su, kuma mutane suka bar kasuwa, 'yan mata suka bar tulunansu a bakin rijiya, suka taho kallo. Ɗan dambe yakan naɗe hannunsa mai ƙarfi da kara, ya bar ɗayan a buɗe yana kariya da shi, kuma wanda ya kai ƙasa an kashe shi ke nan, ko da bai ji ciwo ba. Da kaka mahauta sukan bi garuruwa inda ake biki, su yi yanka da rana, da yamma kuma samarinsu su kara da na garin. Ta haka dambe ya zama hanyar da rukunin da ba a ba shi babban matsayi a tsarin zaman Hausawa ba yake samun suna da girma. Waƙar da Ɗan Anace ya yi wa Shago ta isa misali, domin ta sa sunan ɗan dambe ya shiga gidajen da ba su taɓa zuwa filin dambe ba.

Kokawa kuwa ta manoma ce. Ƙauye yakan gayyaci ƙauye, a share fili, dattawa su zauna a gaba. Amfaninta na farko shi ne ta ba samarin garuruwa biyu hanyar gwada ƙarfi a gaban manya, bisa ƙa'ida, maimakon su gwada shi a bayan gari da sanda. Wanda aka kayar yakan tashi ya karkaɗe jikinsa, domin kowa ya san wasa ba faɗa ba ne, kuma akwai baɗi. Na biyu, baƙin da suka zo kokawa sai an sauke su an ciyar da su, daga nan ake ƙulla abota, wani lokaci har ta kai ga auratayya.

Fulani suna da sharo, inda saurayi yake tsayawa a tsula masa bulala a gaban jama'a ba tare da ya nuna alamar jin zafi ba. Shi ma ya fi yawa da kaka, lokacin da makiyaya suke kusantar gari domin shanunsu su ci karan gonakin da aka girbe, manomi kuma ya samu taki.

Kalankuwa ta bambanta da waɗannan, domin ita makarantar mulki ce. Samari da 'yan mata sukan naɗa shugabanninsu da sarautu irin na fada, daga baya har da muƙamai irin na gwamnati, su tara gudummawa, su gayyato makaɗa, su yanke wa wanda ya saɓa doka tara. A littafin Baba of Karo, wanda Mary Smith ta wallafa a 1954, an ga yadda irin waɗannan sarautu na samari da wasannin 'yan mata suke a karkarar Kano da Zazzau tun ƙarshen ƙarni na 19. Saurayin da ya iya riƙe sarautar samari, dattawa sun riga sun san za a iya ba shi amanar da ta fi ta.

A ƙasa da waɗannan akwai wasannin yau da kullum. Yara maza suna langa, kowa ya riƙe ƙafa ɗaya da hannu yana tsalle da ɗaya, ana zaɓar guda a kira shi ruwa, 'yan ɓangarensa su kare shi har ya isa inda aka shata. 'Yan mata suna gaɗa da carafke. Dattawa kuma suna dara a gindin bishiya, gurbi talatin, kowa da 'ya'ya goma sha biyu, wasan da yake koya wa mutum haƙuri da hangen abin da abokin wasa yake ƙullawa. Malamai ba su yi wa waɗannan duka kuɗin goro ba. Sun yarda da abin da yake ƙarfafa jiki, kamar kokawa da sukuwa da harbi, suka yi suka ga abin da ya haɗa da caca, ko tsafi, ko cuɗanyar maza da mata.

Zuwan Turawa da Wasannin Makaranta

Bayan da Turawa suka ci Kano a 1903, sun kawo wasanninsu ta hanyar bariki da makaranta. Makarantar Ɗan Hausa da aka kafa a Nasarawa a 1909, da Kwalejin Katsina wadda Gwamna Clifford ya buɗe a 1922, sun sa wasa cikin tsarin karatu, ana yin kurket da ƙwallon ƙafa da ƙwallon hannu da ake bugawa a bango, wadda Sardauna Ahmadu Bello ya shahara da sonta. Abin lura shi ne wasan makaranta agogo yake bi. Ana kaɗa ƙararrawa a fara, a kaɗa a tashi, ko da damina ko da rani.

Ƙwallon ƙafa ta kafu a birni da wuri, har ƙungiyar Kano ta ci Kofin Gwamna a 1953, Raccah Rovers kuma ta zama zakarar ƙasa a 1978. Amma a ƙauyuka irin na Madobi da Bunkure, inda makarantun boko ba su da yawa a zamanin En'e, wannan bai girgiza dandali ba. Muddin shekarar manomi tana nan yadda take, kokawa da kalankuwa suna da gurbinsu. Shirin ba da ilmin firamare kyauta na 1976 shi ne ya kai filin ƙwallo kusan kowane babban ƙauye, kuma ya zo daidai da wani sauyi da ya fi shi girma.

Ruwan Tiga da Sauyin Rani

An ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, kuma gwamnanta na farko, Audu Bako, ya mai da hankali ƙwarai ga gina madatsun ruwa. Mafi girmansu shi ne na Tiga a kan Kogin Kano, wanda aka kammala a 1974, a daidai lokacin da fari ya addabi ƙasashen Sahel da arewacin Nijeriya. An fara gwajin noman rani a Kadawa tun farkon shekarun 1970, aka tsara kashin farko na aikin zai shayar da kimanin hekta 22,000 a ƙasar Kura da Bunkure da Garun Malam. A 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aikin ya koma hannunta. Hana shigo da alkama da gwamnatin tarayya ta yi a 1987 ya ƙara wa noman alkama daraja na wasu shekaru, daga baya shinkafa da tumatir suka mamaye, har Kura ta zama cibiyar casar shinkafa, kasuwar Kwanar Gafan kuma ta zama matattarar tumatir.

To, mu duba abin da wannan ya yi wa kalandar da muka bayyana. Alkama tana son sanyin hunturu, don haka dole a shuka ta a watan Nuwamba ko farkon Disamba, a girbe ta a Maris ko Afrilu. Ma'ana, manomi yana gama kwashe amfanin damina sai ya shiga gyaran gonar rani, a daidai makonnin da a da ake kalankuwa. Tumatir kuwa ana renonsa tun kafin ruwa ya ɗauke, a dasa shi da kaka, a yi ta tsinka daga Janairu har zafi ya shigo. Ban ruwa yana da ranarsa, wanda ya bari ruwa ya wuce gonarsa sai ya jira wani zagaye. Tumatir in ya nuna ba ya jiran kowa, kwana biyu ya isa ya lalace. Saboda haka sassaucin nan na sana'o'in rani, wanda muka ce shi ne jarin wasa, ya ƙare. Mutanen Madobi da suke noma a fadamun bakin kogi da injin ban ruwa, ko suke zuwa ƙwadago da aron gona a cikin yankin aikin, su ma wannan kalanda ta kama su.

Fili ma ya sauya. Gonar da a da take zama fegi bayan girbi, yanzu kore take shekara duka, an yanka ta da magudanan ruwa. Makiyayi ba ya samun karan da zai sa ya daɗe kusa da gari, don haka haɗuwar da take kawo sharo ta ragu, wadda take kawo rikicin ɓarnar gona kuma ta ƙaru. Haka kuma ƙwadago na kuɗi ya ci gayya, gangar noma ta yi shiru, ga shi kuwa a gayya ake fara renon ɗan kokawa. Masu bincike irin su Tina Wallace, da suka yi nazarin wannan aiki a ƙarshen shekarun 1970, sun lura da yadda buƙatar ƙarfin ma'aikata ta ƙaru a gidajen manoma.

Adalci ne mu faɗi ɗaya gefen. Noman rani ya kawo abinci da kuɗi, ya rage wa samari da yawa tafiya ci-rani, har ma ya jawo baƙin 'yan ƙwadago daga wasu wurare. Samarin suna gida, kuma aljihunsu ya fi na kakanninsu nauyi. Abin da suka rasa shi ne watannin da dukkansu suke da sukuni tare. Sa'an nan ba noman rani kaɗai ya yi wannan aiki ba. Makarantar boko da Islamiyya sun ɗauki lokacin yara, wa'azin malamai ya rage fitar 'yan mata dandali da dare, musamman bayan ƙaddamar da shari'a a Kano a 2000, rediyo da talabijin da wayar hannu kuma sun kawo nishaɗi har cikin ɗaki. Amma waɗannan sun shafi ƙasar Hausa duka, shi kuwa sauyin kalanda ya fi tsanani a inda ruwan Tiga ya kai.

Inda Wasannin Suka Koma

Hausawa sun ce in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Dambe bai mutu ba, ƙaura ya yi. Ya bar dandalin ƙauye ya koma gidan dambe mai ƙofa da tikiti, irin na dandalin Ado Bayero da ke Sabon Garin Kano, inda ake karawa ƙarƙashin ɓangarorin Kudu da Arewa da Guramaɗa, ana yin turmi uku, ana sa babur ko mota a matsayin kyauta, ana kuma ɗora hotunansa a YouTube duniya tana kallo. Yanzu sana'a ce da ba ta da kaka ba ta da rani, kuma ba sai ɗan mahauta ba. Wanda a da zai shiga fili domin sunan garinsu, yau ɗan kallo ne mai biyan kuɗi.

Ƙwallon ƙafa ce ta ci ribar sabon tsarin, domin ta dace da shi. Minti casa'in tsakanin la'asar da magariba ya ishe ta, saurayi yana iya tashi daga ban ruwa ya buga ya koma. Nasarorin Kano Pillars, wadda aka kafa a 1990 ta kuma ci gasar ƙasa a 2008 da 2012 da 2013 da 2014, da gidajen kallon ƙwallon Turai, sun ƙara mata farin jini. Ba za mu musa cewa ta gaji wani ɓangare na aikin kokawa ba, tun da unguwa tana karawa da unguwa, gari da gari, samari kuma suna zaɓen shugabanni suna tara kuɗin riguna. Sai dai akwai gibi biyu. Dattijon da ya san kokawa ciki da waje, wanda zamansa a bakin fili yake hana rikici, baƙo ne a filin ƙwallo. 'Yan mata kuwa, waɗanda a da suke da gaɗa da rabonsu a kalankuwa, ba su samu abin da ya maye musu gurbi ba. Ƙananan yara sun samu sabon wasa, watau iyo a magudanan ruwa, wanda ya zo da cutar tsargiya da haɗarin nutsewa.

Kammalawa

Mun yi ƙoƙari mu nuna cewa wasannin gargajiya a ƙasar Madobi da Kura da Bunkure sun dogara ne ga watannin sukuni da ke tsakanin kaka da bazara, cewa wasannin Turawa ba su raunana su ba sai da noman rani ya cinye waɗannan watanni, kuma abin da ya gaje su bai ɗauki dukkan nauyin da suke ɗauka ba. Ba muna kira a rufe magudanan ruwa domin a yi kokawa ba ne. Abin da muke cewa shi ne lokacin da a da yanayi yake bayarwa kyauta, yanzu sai an keɓe shi da gangan.

Muna da misali a kusa. Jamhuriyar Nijar ta fara gasar kokawa ta ƙasa a Tawa a 1975, inda Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobi, kuma saboda an ba gasar lokaci tsayayye da daraja, kokawa ta zama babban wasan ƙasar. A nan gida ma an shigar da dambe da kokawa da langa cikin bikin wasanni na ƙasa, wanda aka fara a Legas a 1973. Saboda haka muna ba da shawara uku. Ta farko, ƙananan hukumomin wannan yanki da hakimansu su tsayar da mako guda na wasanni a tsakanin girbin alkama da faɗuwar ruwan shuka, domin shi ne ɗan sararin da ya rage a sabuwar shekarar manomi, a kuma ba dattawa alƙalancinsa. Ta biyu, kwalejojin horon malamai su koya wa ɗalibansu langa da dara da gaɗa yadda za su koyar da su a firamare, don 'yan mata ma su samu rabonsu a wurin da iyaye za su amince. Ta uku, ɗalibanmu na sashen Hausa da na tarihi su shiga waɗannan ƙauyuka su ɗauki bayanin tsofaffin da suka yi kokawa da kalankuwa kafin 1974, domin waɗanda suka ga rani irin na da suna ƙarewa, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.